Ƙudan Zuma a Tagar Auta

Ranar da za a sallami Auta daga asibiti, likita ya miƙo mini takarda mai shafi biyu ya ce in karanta a gabansa. Na karanta. Ya ce in sake. Na ce, "Likita, shekara tara ina dafa wa ma'aikata ɗari biyu abinci a wata masana'anta, ko mutum ɗaya bai taɓa riƙe ciki ya ce girkina ne ba." Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce su waɗancan ɗari biyun suna da sojoji a cikin jininsu, ƙanwata kuwa a yanzu ko mai gadi ba ta da shi. Sai na ja bakina na sake karantawa.

Auta ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha ɗaya na ba ta. Da sikila aka haife ta. Mamanmu ta rasu tana 'yar shekara huɗu, don haka a bayana ta yi wayo, a bayana kuma ta yi yawancin kukan da ciwon ya sa ta. Da ta kai goma sha tara likitoci suka ce za a iya yi mata dashe: a kashe ɓargonta da magani, a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin wani a zuba mata. Aka gwada ni, nawa ya dace. Suka huda mini ƙugu suka ɗiba, na yi sati ina tafiya kamar agwagwa, ita kuwa tana kwance ba gashi ba gira tana yi mini dariya ta cikin gilashi. Ta ce, "Daga yau in na fara masifa kada a ga laifina, jinin Yaya ne."

Dashen ya kama. Sai dai kafin sabon ɓargo ya zauna da gindinsa, ƙwayar cutar da ni zan haɗiye ban sani ba tana iya kai ta kabari. Kwana ɗari na farko su ne abin tsoro, kuma daga ranar dashen ake ƙirgawa. A rana ta talatin da ɗaya muka fito. Na ajiye aiki, na kama ɗaki biyu da kicin a hawa na uku na wani bene kusa da asibiti, na manna takardar likita a jikin firji.

Takardar ba ta san wasa ba. Kada ta ci komai ɗanye. Ƙwai a dafa shi har gwaiduwa ta yi tauri. Ruwa a tafasa. A 'ya'yan itace, lemo da ayaba kawai, masu kauri a ɓawo, a wanke su kafin a ɓare. Abincin da ya yi awa biyu da sauka a zubar, ko da kuwa kaza ce. Ba abincin kan titi, ba tukunyar fure a ɗaki, ba mage, ba baƙi. Can wajen ƙasan shafi na biyu akwai layin da tun a ofishin likita na san zai jawo mini rigima: ban da ɗanyar zuma, sai ta kanti wadda aka dafa a kamfani aka rufe.

Babanmu mai zuma ne. Amya arba'in gare shi a daji, tafiyar awa biyu a mota, kuma daga mahaifinsa ya gada. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sa ba ƙaurin hayaƙi ba. Duk lokacin da ciwon Auta ya tashi, kafin a nemi mota ya riga ya ɗura mata cokali biyu, ya shafa mata sauran a gaɓoɓi. An taɓa ce masa yarinyar ba za ta kai shekara goma ba. Da ta kai, bai ce allura ba ce, bai ce ƙarin jini ba ne, cewa ya yi zuma ce.

Na karanta masa layin a kicin, ranar da ya fara zuwa.

Ya ce, "Zuma kashe cuta take yi, ba ta kawo ta. Na ga wadda ta shekara goma a tulu ba ta canja ba."

Na ce, "Baba, ga mai lafiya kenan. Ɗanya tana iya ɗauke da abin da ido ba ya gani, kuma Auta ba ta da abin faɗa da shi. Takarda ce ta ce."

"Ita takardar ta taɓa shan harbi?"

Ya ɗauki kwalbar da na sayo a kanti, ya ɗaga ta saitin taga, ya karkata ta. Ya ce wannan ai ruwan sukari ne ya yi kwalliya. Na gyara tsayuwa, don na san halin tsohona, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Amma sai ya ajiye kwalbar a hankali ya ce, "To, Allah ya ba da lafiya." Na yi mamakin saurin saukowarsa, sai dai ina da tukunya biyu a wuta.

Litinin da Alhamis yake zuwa. Ba ya shiga ɗakinta, saboda ƙurar daji da ta amya da ke jikin tufafinsa. Yakan zauna a kicin, ni kuma in shiga in shirya ta, in wanke mata hannu, in sa mata takunkumi da hula, abin da yakan ɗauki kamar minti goma. Sannan ta tsaya a bakin ƙofarta, shi ya tsaya a ƙarshen baranda, taku biyar tsakaninsu. Ya ce, "Auta ta Baba." Ta ce, "Na'am, Baban Auta." Ya ɗaga hannu kamar zai dafa kanta, sai ya tuna, ya sosa ƙeya. Ni ce nake cewa lokaci ya yi, kuma duk ranar sai na ji na tsani kaina.

Gidan ya zama wani iri. Ba rediyo da ƙarfi, ba sallama, ba takalmin kowa a bakin ƙofa sai nawa. Ko'ina warin sabulu da ruwan wanke ƙasa. Tukunyarta daban, cokalinta daban, kofinta daban, kuma na kafa wa kaina doka: ba na ɗanɗana komai daga kayanta, ba na taɓa su ba takunkumi a fuskata. Ni da nake gane gishirin miya daga tururi, sai ga ni ina girki kamar makauniya. Da ma duk ɗaya ne a wurinta. Magani ya ƙone mata baki, shinkafa da kaza da ƙwai duk ƙarfe-ƙarfe take jin su. Kullum sai mun yi faɗa a kan loma shida. Abu ɗaya take karɓa ba gardama: ruwan da na tafasa ya huce, da babban cokali ɗaya na zumar kanti, da safe. Wannan kam har leƙen ƙofa take yi in na makara.

A rana ta arba'in da ɗaya na shiga da hantsi zan canja zanen gado, na ga ƙudan zuma uku a jikin ragar tagarta, ta waje. Ban kawo komai a raina ba. Washegari suka zama kamar ashirin. Rana ta uku na daina ƙirgawa.

Mu fa a hawa na uku muke, a tsakiyar gari. Daga tagar nan ba abin da ake gani sai turakun lantarki, da rufin gareji, da shagon mai walda. Ko bishiya ɗaya babu. Na leƙa tagar kicin, babu ko ɗaya. Na leƙa ta ɗakina, babu. Na sauka titi na ɗaga kai, tagogi goma sha biyu ne a fuskar benen, duk fes, sai tata ce kaɗai ta yi baƙi-baƙi. Abin da ya fi damuna shi ne shirunsu. Na tashi cikin zuma, na san ƙugin da take yi in ta samu abinci, na san wanda take yi in ta fusata. Waɗannan sai su lafe a jikin raga suna ɗan motsi, tun daga ƙarfe goma har rana ta karkata, sannan su watse.

Ba dama in fesa magani kusa da ita. Na wanke ragar da ruwan zafi da sabulu, na bi ta da ido layi-layi ina neman huda, na ɗinke wurin da ma bai yage ba. Da safe suka dawo.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo dubiya na tsayar da ita a bakin matakala. Tsautsayi ya sa na ba ta labari. Ta saki ledar da ke hannunta ta ce, "Innalillahi. A tagarta?"

Na ce, "Ƙwari ne, Gwaggo."

Ta ce, "Ke yarinya ce. Da kakanku zai tafi, kwana uku suka yi a ƙofar ɗakinsa, ba harbi ba ƙugi. Mu gidanmu sun san mu. Ba sa zuwa banza. Ko lokacin mamanku ma, in ba ki manta ba…"

Na ce mata tukunyata za ta ƙone. A zuci kuwa cewa na yi bakinki ya sari ɗanyen kashi. Na rufe ƙofa na jingina da ita. Ban manta ba. Ina shekara goma sha biyar, kuma na gan su a jikin labulen ɗakin Mama, na ɗauka don amya na kusa ne.

Ranar Alhamis na ja Baba zuwa titi na nuna masa. Na zaci zai ce ga dabara, a yi hayaƙi ko a nemo inda suka yi gida. Sai ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo, murmushi ya cika masa fuska. Ya ce, "Sun san gida." Ya kaɗa rigarsa ya nufi tasha. Na tsaya a rana ina bin sa da kallo.

Daga nan na fara tunanin da ko Gwaggo ban gaya wa ba. Ni tun ina ƙarama zuma ta tsane ni. In muka bi Baba daji, ni ce nake dawowa da kumburarren ido, Auta kuwa sai su sauka a hannunta su yi ta yawo, ba su taɓa harbin ta ba. To yanzu likita ya ce in aka gwada jininta, nawa ake gani. Sai na riƙa raya cewa ƙila sun zo neman tasu ne, suka tarar da wata a cikin jikinta, shi ya sa suka tsaya a waje suna jira. Na san wannan ba hankali ba ne. Amma mutumin da ya yi sati uku bai yi magana da kowa ba sai tukunya, kansa yana haifar masa da abubuwa.

A rana ta hamsin na kawo mata abincin rana. Hannuwana biyu na riƙe da tire, don haka da kafaɗa na tura ƙofar, ba ta ji shigowata ba. Tana tsaye a taga, ta ba ni baya, doguwar rigar ta yi mata yawa, kanta ba hula. Ta ɗaga tafin hannunta saitin raga, saura kaɗan ya taɓa. A ɗaya gefen kuma ƙudan sun taru sun yi siffar hannu, da tafi da yatsu biyar, daidai da nata. Tana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

Tiren ya suɓuce mini. Ta juyo a hankali, ba ta ko firgita ba.

"Me kike yi?"

Ta ce, "Baƙi na yi, Yaya. Ke ai kin kore kowa."

Ta sauke hannunta. Wancan hannun bai sauka ba. Yana nan a jikin raga, yatsu biyar a buɗe, yana ɗan rawa. Na finciko ta daga wurin, na ja labule, na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, na ce in ɗaya ya harbe ta ta raga wa zai je ya yi wa likita bayani. Ta zauna a bakin gado tana kallon shinkafar da ta watse a ƙasa, sannan ta ce, "Yau dai na huta da loma shida." Na tsuguna ina kwashewa ina kuka, takunkumina ya jiƙe sharkaf.

Na ƙara tsanani. Na koma tafasa cokali sau biyu. Na daina ba ta lemo, don ina zargin wuƙa. Na jefar da soson wanke-wanke na koma sabo kullum. Na zargi famfo, na zargi firji, na zargi matar maƙwabci da ke shanya a barandar sama. Duk inda ƙwayar cuta za ta iya biyowa na toshe shi, ina auna zafin jikinta sau huɗu a yini ina rubutawa. Kuma gaskiya ta fara kyau. Kumatunta suka ɗan ciko, gashi ya fara tsirowa kamar na jariri. Ana zaton wuta a maƙera, ni kuwa duk maƙerun garin na bi na zuba musu ruwa.

Ranar Juma'a, rana ta hamsin da takwas, na makara. Wajen ƙarfe goma na buɗe kwalbar zumar na tsoma cokali, ina ɗagowa na ga wani ɗan baƙin abu a ciki, siriri kamar gashin ido. Na zuba cokalin a farin faranti na kai taga. Ƙafar ƙudan zuma ce. A gefenta ga ɓurɓushin kaki, fari-fari, yana iyo.

Zumar kamfani a tace take, wannan ko yaro ya sani. Na juyo na dubi kwalbar. Ranar da muka fito daga asibiti na saye ta, 'yar ƙarama ce, kuma kullum babban cokali nake ɗiba. Kwana ashirin da bakwai. Ya kamata a ce tuni ina kankare gindinta. Ga ta nan zumar ta tsaya a saman takardar da ke jikin kwalbar, inda take tun makon farko. Ni da nake auna shinkafar mutum ɗari biyu da ido, kullum ina buɗe ta ina rufewa, ban taɓa tambayar kaina ba.

Na ja takunkumin ƙasa. Tun kafin in kai hanci ƙaurin hayaƙi ya buge ni, da ƙamshin furen dajin nan da na sani tun ina goye. Na lakata na sa a baki. Minti goma, Litinin da Alhamis, shi kaɗai a kicin. Kuma ni da hannuna nake kai mata, da bismillah. Da sau ɗaya na lasa, ko sau ɗaya na shinshina, da na gane. Tsabtar tawa ce ta rufe mini hanci da baki.

Na nufi ɗakinta. Na tura ƙofa na tarar da duhu, alhali hantsi ne. Labule a buɗe yake. Su ne suka rufe ragar tun daga sama har ƙasa, haske na shigowa ɗigo-ɗigo ta tsakaninsu, kuma yau suna ƙugi, wani ƙugi mai kauri da nake ji har a haƙorana. Auta na kan gado ta lulluɓa da bargo biyu.

Ta ce, "Yaya, sanyi nake ji."

Na sa mata ma'auni. Talatin da tara. Takarda ta ce in ya kai talatin da takwas kada a jira komai. Na goya ta kamar yadda na saba, na sauko da ita hawa uku, kwalbar na cikin jakata.

Kafin azahar sun mayar da ita ɗakin gilashi, sun rataya mata ledojin ƙarin ruwa uku. Na ajiye kwalbar a teburin likita na gaya masa komai. Na so ya zage ni. Bai yi ba. Ya juya kwalbar ya ce, "Ba zan iya rantsuwa cewa ita ce ba. Cutar tana iya fitowa daga hanjinta, ko daga robar zuba magani da ke ƙirjinta. Za mu gwada. Amma abin da muke gudu kenan da muka rubuta layin." Ya ce ƙwayar ta riga ta shiga jini.

A rana ta biyu suka bar ni na shiga, cikin riga da hula da safar hannu. Leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Na zauna ban san ta inda zan fara ba, sai ita ta fara.

"Kin gano kwalbar, ko?"

Na ce, "Kin sani?"

"Tun cokalin farko." Ta yi ɗan murmushi. "Haba Yaya, zumar Baba ce fa. Komai ƙarfe nake ji, ita kaɗai ce take da ɗanɗano. In na sha sai in ji kamar ya shigo ɗakin ya zauna."

"Kin ji abin da likita ya ce da kunnenki, Auta."

"Na ji. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki." Ta huta, numfashinta na fita guntu-guntu. "Su ma ƙudan ni na kira su. Abin da ya kwanta a gindin kofi nake shafawa a raga. Kina wankewa ina mayarwa. Ran nan hannuna na zana da ita, don in gani ko za su gaisa da ni. Na ga kin tsorata, na so in faɗa, sai dariya ta kama ni a ciki."

Na ce in Allah ya tashe ta sai na karya ta. Ta ce ta yarda. Sannan ta kamo yatsana ta cikin safar, ta riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Kada ki gaya wa Baba."

"Auta…"

"Shi a wurinsa magani ya ba ni. In ya ji, ba zai ƙara shekara ba. Ki rantse mini."

Ta ƙi sakin yatsan. Injin da ke gefenta na ta ƙara, nas na nuna mini agogo ta gilashi. Na rantse.

Ina fitowa na tarar da Baba a baranda. Ban gane shi da farko ba. Ya yi aski, ya sa sababbin kaya, ya yi wanka da sabulun asibiti har fatar hannunsa ta yi fari, wai ko za su bar shi ya shiga. Karon farko a rayuwata da na tsaya kusa da shi ban ji hayaƙi ba. Ya ja ni gefe, bayan wani keken marasa lafiya, ya waiga hagu da dama, ya zaro wani abu daga aljihu a naɗe cikin hankici. 'Yar kwalbar magani ce, cike da zuma.

Ya rage murya ya ce, "Zan gaya miki wani abu, kada ki yi fushi. Waccan kwalbar taki, tun makon farko na juye ruwan sukarin na zuba mata ta gaskiya. Duk zuwa ina ƙarawa. Ba ki ga yadda ta murmure ba? Har gashi ya fito." Idanunsa suka kawo ruwa. "Yanzu kwana biyu ba ta sha ba, dubi yadda ta koma. Ke suna barin ki shiga. Ki ɗan shafa mata a leɓe, ko da yatsa ne. Su ba su san ta ba, mu muka san ta."

Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya. Ta saman kafaɗarsa ina hango gilashin, ta juyo da kanta a kan matashi tana kallon mu. Ba ta iya jin mu, amma ta ga hankicin. Na miƙa hannu na karɓa, na sa a jaka.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Kwana biyar bayan nan, da hantsin rana ta sittin da huɗu, Auta ta cika. Ina riƙe da ƙafarta, don hannuwan duk allurai ne. Sakamakon kwalbar ya fito bayan an kai ta. Likita ya kira ni ya ce sun sami ƙwayoyi a ciki, akwai mai kama da wadda ta shiga jininta, amma kama ba tabbas ba ce, kuma ba wanda zai taɓa iya faɗa mini fiye da haka. Na yi masa godiya. Ban san me ya sa ba.

Da masu ta'aziyya suka watse, na koma benen in kwashe kaya. Baba ya biyo ni wai zai taya ni. Bai taɓa komai ba, ya zauna a kujerarsa ta kicin yana kallon ina naɗe tukwane a jarida. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Can ya kira ni da sunan da ita take kira na.

"Yaya."

"Na'am, Baba."

"Wadda na ba ki a asibiti. Kin shafa mata kuwa?"

Na ci gaba da naɗe murfin da ke hannuna. In na ce na shafa, zai kwana yana tambayar kansa me ya sa zumarsa ta kasa, kuma mai irin wannan tambayar wata rana yana iya kaiwa ga amsa. In na faɗi abin da ke cikina, na ci amanar wadda ba ta nan balle ta yafe mini. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ma gaskiya ne.

Na ce, "Ban shafa mata ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Na ga fushi ya taso masa, na ga ya danne shi da ƙyar, kamar mai haɗiyar ƙwaya ba ruwa. Ya share ido da bakin hannun riga, ya miƙo hannu ya dafa kaina.

Ya ce, "Da ƙila tana nan. Amma ke ma tsoro ne ya sa ki. Na yafe miki, Allah ma ya yafe miki."

Na ce amin.